Daidaita Layuka da Tura Su Ciki a Kwamfuta

Tura layi ciki shi ne barin tazara tsakanin gefen shafi da farkon layi, domin a nuna cewa layin yana ƙarƙashin wanda ya gabace shi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin Hausa. A takardun ajami irin na malaman jihadi, waɗanda suka taru a Sifawa ta ƙasar Boɗinga kafin Shehu Usmanu ya koma Sakkwato a 1815, akan jera ɗango biyu na baiti a layi guda, a bar fili tsakaninsu. Da boko ya zo, sai masu ɗab'i suka riƙa sauko da ɗango na biyu ƙasa, su ɗan tura shi ciki.

Malamin da zai buga wa ajinsa Waƙar Nijeriya ta Alhaji Shehu Shagari zai ci karo da wannan aiki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi ta danna dogon maɓallin tazara har sai ido ya ga layuka sun daidaita. Amma ido yana yaudara. A salon haruffa irin Times New Roman, faɗin harafin m ya fi na i, saboda haka da zarar an sauya salo sai jerin ya wargaje. Haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, sukan ƙara dagula lamarin, domin idan salon bai da su, na'ura takan aro su daga wani. Abin da ya dace shi ne a saita ma'aunin sakin layi sau ɗaya, ko a yi amfani da maɓallin Tab.

Ga masu rubuta umarnin kwamfuta kuwa, lamarin ya wuce ƙawa. Manhajojinsu na rubutu suna amfani da haruffa masu faɗi ɗaya, irin Courier, don kowane harafi ya zauna daidai ƙarƙashin na samansa. A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, tazarar kanta nahawu ce: ita ke nuna umarnin da ke ƙarƙashin wani. Al'adarsu gurbi 4 ne ga kowane mataki. Shi ma Tab yana da illa a nan, don wata manhaja tana nuna shi gurbi 4, wata 8. Wanda ya cakuɗa shi da tazara barkatai, Python 3 zai ƙi gudanar da aikinsa.