Yanke Bindigar Soja Don Farauta: Abin Da Zarto Ba Ya Iya Yi

Tun watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kansu, maganar makami a hannun farar hula ba ta kwanta ba. Da an kai hari wani ƙauye sai ta sake tashi a majalisu da gidajen rediyo. Cikin shawarwarin da akan jefo akwai wata mai daɗin ji: wai tsofaffin bindigogin nan masu sakata, irin mak-fo da 'yan sanda suka daɗe da jinginewa, a fito da su a rage musu tsawo a ba maharba, tunda da an yanke su sun tashi daga na soja sun koma na farauta. Har da Amurka ake kafa hujja. Wani kuma ya ƙara gishiri, ya ce gajeriyar ma ta fi zafi, ai duk wanda ya ji ƙararta ya san ba wasa.

Batun Amurka gaskiya ne. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, rumbunan makamai na Turai sun cika maƙil da bindigogin da sai an ja sakata bayan kowane harbi, alhali rundunoni na komawa ga masu ɗura kansu. Mauser ta Jamus, Lee-Enfield ta Ingila, Carcano ta Italiya, ga kuma Springfield ta Amurkawan kansu. Dillalai irin Samuel Cummings, mai kamfanin Interarms a garin Alexandria na jihar Bajiniya, suka riƙa kwasar su gwanjo, jirgi-jirgi, ana tallarsu a mujallu ana aika wa mai saye ta gidan waya. Manomi ko ma'aikacin masana'anta da ba zai iya sayen sabuwar Winchester ba sai ya sayi ta soja da 'yan daloli, ya kai wa maƙerin bindiga ko ya shige gareji da ita. A Ingila kamfanin Parker-Hale na Bamingam ya mai da wannan gyara sana'a sosai. A Kanada da Ostireliya kuwa Lee-Enfield mai cin harsashin .303 ta zama bindigar gidan gona.

Me ya sa sai an gyara? Don soja da maharbi ba abu ɗaya suke nema ba. An ƙera bindigar soja ta wancan zamani doguwa domin in an ɗaura mata banati ta zama mashi, ta cim ma mahayin doki. An lulluɓe bututunta da katako har kusa da baki don kada ya ƙone hannu in an yi ta harbi ba ƙaƙƙautawa. Saitin wasunsu an zana shi har zuwa mita 2,000. Mai neman barewa a kurmi ba ruwansa da ko ɗaya daga ciki. Harbi ɗaya ko biyu zai yi a wuni, galibi a tazarar da ba ta wuce mita 100 ko 150 ba, sauran lokacin duk ɗaukar kaya ne. Saboda haka sai a cire katakon gaba da wurin banati, a sassaƙe ƙota, a ɗora madubin hange, wani lokaci a rage bututu. Duk abin da aka samu a nan sauƙin ɗauka ne da sauƙin juyawa a cikin sarƙaƙiya. Ko sojojin Ingila sun yi irin wannan lissafi bayan yaƙin da suka yi da Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, suka rage bututun Lee-Enfield daga kusan inci 30 zuwa inci 25.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ta fi ba ni haushi, don kunne ne ke yaudarar mutane. Harsashi ba ya samun gudunsa gaba ɗaya a lokacin da aka ja kunama. Albarushin zamani ci yake yi da wuta cikin gaggawa, ya zama iskar gas mai tsananin matsi, ita kuma ta yi ta ingiza dalmar tun daga gindin bututu har baki. Duk wanda ya taɓa tura motar da batirinta ya mutu ya san yadda abin yake. In fili ya yi tsawo, majiya ƙarfi huɗu za su bi ta suna turawa har ta ɗauki gudu. In kuwa taku biyar kawai suka yi hanya ta ƙare musu, motar za ta tafi a sanyaye, su kuma ga sauran ƙarfi a jikinsu ba inda za su kai shi. Bututu shi ne filin. Ka datse shi, harsashi ya fita gas bai gama aikinsa ba, ragowar matsin ya fashe a sarari. Wannan fashewa ita ce ƙarar da ke toshe kunne, ita ce kuma harshen wutar da ake gani a bakin bindiga da magariba. Ƙarfi ne da ya zube a banza. Masu auna gudun harsashi sun daɗe da lura cewa a irin waɗannan bindigogi kowane inci ɗaya da aka cire yakan rage gudun da kimanin mita 6 zuwa 10 a daƙiƙa.

Ba sai an dogara da ƙiyasi ba, domin gwamnatin Ingila da kanta ta yi wannan gwaji da kuɗinta. A 1944, ana tsakiyar yaƙi da Japan, ta fara ƙera gajeriyar Lee-Enfield mai lamba 5, wadda aka fi sani da bindigar kurmi. Mak-fo, wato mai lamba 4, bututunta inci 25 ne da ɗoriya, nauyinta ya ɗan haura kilo 4, tana fitar da harsashi mai nauyin giram 11 da gudun kusan mita 744 a daƙiƙa. Mai lamba 5 bututunta bai kai inci 19 ba, nauyinta kusan kilo 3.2, gudun harsashinta ya sauko zuwa wajen mita 686. In aka yi lissafi, kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfin dukan harsashin ya tafi. Sai da aka ɗaura mata wani mazurari a baki don ɓoye wuta, aka manna mata roba a ƙota, domin bindiga in ta yi sauƙi dukan da take kai wa kafaɗa ƙaruwa yake yi. Sannan aka yi ta ƙorafin cewa saitinta ba ya zama wuri ɗaya, yau a daidaita gobe ta kauce, har wasu suka ɗora laifin a kan ƙarfen da aka rarake mata don rage nauyi. A 1947 aka daina ƙera ta, bayan an yi kimanin 250,000 a masana'antun Fazakerley da BSA. Injiniyoyin gwamnati ke nan, da injuna da filin gwaji. Sai a kwatanta da mai zarto a bayan kasuwa.

Abin dariya, bayan shekaru wani kamfanin Kalifoniya mai suna Golden State Arms ya riƙa yanke dogayen yana sayar da su da kamannin bindigar kurmi, don masu saye na son siffar. Yau kuwa masu tara kayan tarihi sun fi biyan kuɗi a kan wadda ba a taɓa ba. Wadda kaka ya yanke a gareji darajarta ta faɗi.

To amma kada a ɗauka tunda ƙarfi ya ragu bindigar ta yi laushi. Nan ne kuskure na biyu yake, kuma ya fi na farko haɗari. Harsashin .303 da ya fito daga gajeren bututu, duk da asarar da ya yi, har yanzu ya fi na AK-47 ƙarfin duka. In ya kuskure abin da aka nufa yana iya tafiyar fiye da kilomita 2 kafin ya faɗi. A dajin Kanada inda za ka yi tafiyar wuni ba ka ga bukka ba, wannan ba babbar damuwa ba ce. A ƙasar da gona ke manne da gona, makiyayi na bayan kowane tudu, mata na tsintar itace, wannan abin tsoro ne. Bindigar toka da mafarautanmu suka gada, da bindigar gidan harsashi mai watsa ƙananan dalma, ƙarfinsu na mutuwa a kusa. Wannan kuwa ba ta san iyakar gona ba.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. A daidai lokacin harbi, matsin da ke cikin gindin bututun .303 ya haura kilo 3,000 a kan kowane murabba'in santimita, kuma tazarar da ke tsakanin wannan wuri da idon mai harbi ba ta kai kamu ɗaya ba. Sakata da gidan da take kullewa su ne ke tare wannan bala'i. Bindigar da ta shekara 80 ta sha harsasan da, masu barin gishiri a bututu, gishirin ya jawo laima, laima ta jawo tsatsa. Albarushin Ingila na wancan lokaci yana da zafi ƙwarai, yana cinye ƙarfe daga wajen gindi. Yanke baki ba ya gyara ko ɗaya daga cikin wannan, don ciwon yana can ɗaya ƙarshen. Amurkawa sun san labarin Springfield ɗin farko-farko, masu lamba ƙasa da 800,000, waɗanda aka ƙona ƙarfen wasunsu wajen ƙira har ya yi gautsi. Wasu sun tarwatse a hannun sojoji, kuma har yau ana gargaɗin kada a harba su. Duba da ido ba ya bambance mai lafiya da mai gautsi. Shi ya sa Ingila take da gidajen gwajin bindiga, na Landan tun 1637, na Bamingam tun 1813, inda ake ɗura wa bindiga harsashin da ya fi ƙa'ida ƙarfi a harba ta a killace, in ta tsira a buga mata hatimi. Sayar da wadda ba ta da hatimin laifi ne a can. Ko bakin bututun ma, in yankan ya karkace da abin da bai kai kaurin gashi ba, gas zai riga fita ta gefe ɗaya ya ture harsashi daga hanya, a nufi gwanki a sami saniyar mutane.

Masu kafa hujja da Amurka sukan tsaya a tsakiyar labari. Tun 1934 dokar tarayyarsu ta sa ido a kan gajerun bindigogi, kuma a ƙa'idar da aka tsayar daga baya, wadda bututunta bai kai inci 16 ba sai da rajista ta musamman. Dalili a fili yake: abin da ya gajarta yana shiga ƙarƙashin riga. Ranar 22 ga Nuwamban 1963 aka harbe Shugaba John Kennedy a Dalas da Carcano ta gwanjo, wadda aka saya ta gidan waya a kan dala 19.95 har da madubinta. A 1968 majalisarsu ta hana aika wa mutum bindiga kai tsaye ta gidan waya, ta kuma toshe shigo da ragowar bindigogin soja, sai a shekarun 1980 aka sassauta wa waɗanda suka zama kayan tarihi. A jihar New South Wales ta Ostireliya an taɓa taƙaita mallakar bindiga mai cin harsashin soja, dole maƙera suka riƙa sauya bututu ɗungurungum zuwa wani awo, ba yankewa kawai ba.

Wannan na ƙarshe shi ya fi kama da namu. Lee-Enfield ba baƙuwa ba ce a nan. Ita kakanninmu suka rataya a yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ita 'yan sanda suka riƙe shekara da shekaru. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Bindigar toka izininta na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar gidan harsashi da makamantanta sai da lasisin Sufeto Janar. Kashi na uku su ne haramtattu, waɗanda sai shugaban ƙasa ne kaɗai zai ba da izini, kuma a cikinsu aka ambaci bindigogin soja da awon harsashinsu ƙarara: milimita 7.62, milimita 9, da .300 da .303. Awon harsashi dokar ta duba, ba tsawo ba. Ka yanke mak-fo ka goge ta ka shafa mata fenti, ramin bututunta yana nan yadda yake, tana nan a jerin haramtattu, kuma hukuncin da dokar ta tanada kan riƙe irinta ba izini ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Dokar ta kuma hana rage bututun bindigar gidan harsashi ƙasa da inci 20, ta hana ƙira ko gyaran bindiga ba tare da izini ba. Wannan bayani ne ya kamata ya biyo bayan kowace sanarwar "ku kare kanku", amma shugabanni sukan faɗi mai daɗin su koma gida da 'yan rakiya, a bar ɗan sa-kai da alƙali.

Kafin ma a kai ga tunanin buɗe rumbun makamai a raba, akwai tambayar da ba a amsa ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce zuwa Disamban 2018 akwai makamai 178,459 da rundunar 'yan sanda ba ta iya faɗin inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Hukumar da ba ta riƙe lissafin abin da ke kulle a ɗakinta ba, yaya za ta bi sawun wanda ta raba a ƙauyuka, bayan an gajarta shi ya zama mai sauƙin ɓoyewa?

Maharbin da wani ya kawo wa irin wannan bindiga da sunan ta farauta, ya ƙi karɓa. Tsofaffin da ke rumbun gwamnati kuwa, a ƙirga su a rubuta lambobinsu, a ajiye kaɗan a gidan tarihi, sauran a narkar.