Yaushe Ake Mayar da Ƙoƙon Kai Bayan An Cire Shi?

Idan mutum ya bugu a ka a hatsarin babur, ko shanyewar ɓarin jiki ta yi masa mugun kamu, ƙwaƙwalwa kan kumbura. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa, shi ya sa likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa kan yanke wani yanki na ƙashin, girman tafin hannu ko fiye, su ɗinke fata a kai don ƙwaƙwalwar ta samu sarari. Rai ya tsira, amma gefen kan ya zama da laushi, har ana iya ganin fatar wurin tana bugawa. Daga nan 'yan dubiya ke fara kawo nasu bayanan.

"An ɓoye masa ƙashin a ciki." Wannan gaskiya ce. Ba a tumbi ake sa shi ba, aljihu ake yi masa a ƙarƙashin fatar ciki. Wasu asibitocin kuma firiza suke sa shi, mai sanyin wajen digiri 80 ƙasa da sifili, amma inda wutar lantarki ba ta da tabbas, cikin mai shi ya fi aminci. Haka aka yi wa Malala Yousafzai a Peshawar bayan an harbe ta ranar 9 ga Oktoba 2012. A ƙarshe ma ba nata ƙashin aka mayar ba: ranar 2 ga Fabrairu 2013, a asibitin Queen Elizabeth da ke Birmingham, aka rufe gurbin da farantin titaniyam. Ko wata huɗu ba a cika ba.

Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen masu cewa dole sai an shekara. A da likitoci sukan jira wata uku zuwa shida. Binciken da aka tattara daga baya ya nuna cewa rufewa cikin wata ukun farko ba ya ƙara yawan matsaloli a jimlace, kuma masu jinya da dama sun fi saurin farfaɗowa, kodayake ana sa ido sosai kan taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Dogon jira yana da muhallinsa: idan ƙwayoyin cuta sun shiga ciwon ya yi mugunya, sai an kawar da su, ko da za a kai wata shida ko shekara. Likita ba kwanakin kalanda yake ƙirgawa ba. Yana duba hoton kai ya ga ko kumburi ya sauka, ya duba ɗinki, ya tabbatar babu zazzaɓi.

Jita-jitar da ta fi ci mini rai ita ce, "Tunda fata ta warke, ƙashin zai tsiro da kansa." A babban mutum rami irin wannan ba ya cikewa. Na san kuɗin tiyata ta biyu ba wasa ba ne ga iyalin da suka sayar da gona a ta farko, amma barin gurbin a buɗe yana da nasa sharrin. Tun 1939 likitoci biyu, Grant da Norcross, suka bayyana ciwon da ke biyo baya. Fatar wurin ta lotsa, iska tana danna ƙwaƙwalwa, sai ciwon kai da jiri da mantuwa, hannu ko ƙafa su yi nauyi, abin ya tsananta idan mutum ya tashi zaune. Dangi sai su ce ciwon ne ya dawo, ko iska ce ta shige shi, alhali da yawa kan samu sauƙi cikin kwanaki bayan an rufe kan.

Batun wai farantin ƙarfe na jawo tsawa kuwa ba shi da tushe. Titaniyam ba ya ma hana ɗaukar hoton MRI.

Kafin ranar rufewa, mai jinya ya riƙa sa hular kariyar da likita ya amince da ita duk lokacin da zai tashi, kada ya kwanta a kan gefen mai laushi. Idan wurin ya kumbura ya yi tauri, ko ɗinki ya fara tsatsafar ruwa, ko farfaɗiya ta kama shi, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.