Kalma da Kari a Waƙoƙin Misa na Zamanin Farfaɗowa a Turai

1.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin waƙa ya san cewa tsakanin kalma da karin murya akwai ƴar jayayya. Idan kari ya yi rinjaye sai ma'ana ta ɓace, idan kuwa an tsaya kan ma'ana kaɗai sai armashi ya ragu. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna yadda wannan jayayya ta kasance a waƙoƙin Misa, watau babbar sujadar Kiristocin Katolika, a ƙarni na 15 da na 16, lokacin da ake kira Zamanin Farfaɗowa.

2.0 Matanin Misa

Akwai sassa biyar na Misa waɗanda kalmominsu ba sa sauyawa. Su ne Kyrie, roƙon jinƙai; Gloria, yabon Ubangiji; Credo, furucin bangaskiya; Sanctus, tsarkake Ubangiji; da Agnus Dei, roƙon gafara da salama. Na farkon da Girkanci yake, sauran da Latinanci. Tun da daɗewa ana rera su da kari guda, kowa na bin sawun kowa. Daga baya aka shigo da abin da za mu kira saƙar muryoyi, watau muryoyi huɗu ko biyar ko shida su tashi, kowace da nata kari, amma su dace da juna. Guillaume de Machaut na birnin Reims a Faransa, wanda ya rasu a 1377, shi ne mutum na farko da aka san sunansa wanda ya saƙa dukan sassan shi kaɗai.

Abin lura shi ne, mai tsara waƙar Misa ba shi da ikon taɓa matani. Saboda haka duk gwanintarsa a kan kari take ƙarewa.

3.0 Aron Kari

A ƙarni na 15 gwanayen wannan fanni sun fito ne daga arewacin Faransa da yankin da yau ake kira Beljiyam. Dabararsu ta ɗaure sassan nan biyar su zama abu guda ita ce su aro wani sanannen kari, su miƙa shi ga murya ɗaya ta riƙa jansa a hankali, sauran muryoyi suna kewaya shi. Sau da yawa karin na waƙar duniya ne. Guillaume Dufay, wanda ya rasu a 1474, ya gina wata Misa a kan waƙar soyayya da shi kansa ya tsara. Wata waƙar Faransanci mai suna L'homme armé, watau mutum mai ɗamarar yaƙi, an gina Misa fiye da 40 a kanta. Dufay da Johannes Ockeghem kowa ya yi tasa, Josquin des Prez kuwa biyu ya yi. Bugu da ƙari, ɗab'i ya yaɗa wannan salo, domin a 1502 Ottaviano Petrucci ya buga littafin Misoshin Josquin a Italiya.

Sai dai gwaninta ta haifi matsala iri biyu. Ta farko, mai sujada yana iya tsinkayar karin waƙar soyayya a tsakiyar ibada. Ta biyu, idan muryoyi suka shiga bi da bi, wannan tana farkon jimla waccan tana ƙarshenta, ana kuma jan gaɓa ɗaya da tsawo, to kunne ba zai tsinci kalma ba.

4.0 Taron Tirento da Palestrina

A 1555 Paparoma Marcellus na Biyu, wanda kwana 22 kacal ya yi a kan kujera, ya tara mawaƙan fadarsa a Jumma'ar da Kirista ke tunawa da gicciye Almasihu, ya gargaɗe su da su yi rerawa yadda za a ji a kuma fahimta. Giovanni Pierluigi da Palestrina yana cikin mawaƙan fadar a lokacin. Taron Tirento, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563, ya zartar a 1562 cewa a nisanta majami'u daga duk kiɗa ko waƙa mai gauraye da batsa. Bai haramta saƙar muryoyi ba. A 1565 kuma aka tara mawaƙa a gidan Kadinal Vitelli a Roma don a gwada ko ana jin kalmomin waɗansu Misoshi.

A 1567 Palestrina ya buga Misa mai muryoyi shida da sunan Marcellus. A Gloria da Credo, masu yawan kalmomi, ya sa muryoyi suna furta gaɓa tare, yana rarraba su rukuni-rukuni suna karɓa wa juna. A Kyrie da Agnus Dei, masu gajeren matani wanda kowa ya haddace, sai ya saki saƙa ta yi yadda take so. Ke nan yawan kalmomi shi ya yanka wa kari iyakarsa.

Labarin da ya shahara cewa wannan Misa ce ta ceci saƙar muryoyi daga haramci, marubutan baya ne suka ƙawata shi. Haka kuma aron kari bai mutu ba. Palestrina kansa ya buga Misa a kan L'homme armé a 1570, ya sake wata a 1582, amma wannan karon ya sakaya sunan, ya kira ta Misa ta Huɗu kawai.

5.0 Kammalawa

Ya kamata a tuna cewa yawancin masu sujada a ƙarni na 16 ba su jin Latinanci. Ashe abin da hukuma ta nema shi ne a girmama matani, ya fito sarai a matsayinsa na magana mai tsarki, ko da talaka bai san fassararsa ba. Sai a 1963 ne Taron Batikan na Biyu ya buɗe ƙofar amfani da harsunan gida a Misa. Daga nan tambayar ta koma kan kowane harshe da nasa tsarin sauti. Ga harsuna masu karin sauti irin Hausa kuwa, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana, nauyin da ke kan mai tsara waƙa ya fi wanda Palestrina ya ɗauka.