Jarka da Akwatin Harsashi Bayan An Ajiye Makamai

Ana ƙera mazubin soja ne don ya jure abin da kayan gida ba sa jurewa: jifa daga bayan mota, ƙura, ruwan sama da ƙunar rana. Shi ya sa idan yaƙi ya ƙare sai ya sake sana'a a hannun farar hula. Biyu daga cikinsu sun fi yin nisa, jarka da akwatin harsashi. Ta farkon ba a rasa ganinta a Titin Ibrahim Taiwo a Kano, yankin Fagge da Sabon Gari, titin da shi ma sunan soja ya ci: Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan Kwara da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976, rana ɗaya da Janar Murtala.

A Jamus aka fito da jarka a 1937, a kamfanin Müller na garin Schwelm, ƙarƙashin injiniya Vinzenz Grünvogel. Ta ƙarfe ce, mai cin lita 20, kuma babu abin da aka sa mata don ado. Hannuwanta uku ne, ta yadda mutum ɗaya zai ɗauki biyu cike ko huɗu ba komai, mutum biyu kuma su kama ɗaya ta gefe da gefe. Zanen gicciye da aka danna a jikinta yana ƙarfafa bangon, yana kuma ba mai damar kumbura cikin zafi. An bar gurbin iska daga sama don ta yi iyo idan ta faɗa ruwa. Murfin kuwa maƙale yake da ita, ana danne shi da maƙulli, ba ya ɓata, ba ya yoyo.

Sojojin Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suna fama da gwangwanin galan huɗu mai sirarin jiki, wanda yake tsagewa ta ɗinki, mai ya tsiyaye a hamadar Libiya da Masar kafin ya isa bakin daga. Da suka ƙwace jarkokin Jamusawa sai suka kwaikwaye su, Amurka ma haka. Wancan gwangwani ɗan'uwan garwar kananzir ne, wadda 'yan ga-ruwa suka daɗe suna ratayawa biyu a sanda kan kafaɗa. Sauyin da aka yi a fagen daga shi ne daga baya aka yi a lungunan Fagge: garwa ta ba jarka wuri.

Sai dai jarkar Kano ta yau ta roba ce, ruwan ɗorawa, yawanci lita 25, kuma da man girki take fara rayuwa a irin su kasuwar Singa. Idan man ya ƙare a wanke ta, ta hau kurar ga-ruwa, ko ta koma hannun 'yan bumburutu da masu janareta. Ta gaji siffar, ba ta gaji bakin ba, dalilin da ya sa ake shimfiɗa leda kafin a murɗa murfi. Roba kuma tana shan abin da aka zuba mata. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba ta cancanci ruwan sha ba, ko sau nawa aka wanke ta.

Akwatin harsashi ya bi wata hanya. Samfurin Amurka, M2A1 da ƙaramin M19A1, ƙarfe ne mai zoben roba a murfi da maƙulli mai matsewa, don kada laima ta taɓa harsashi. Wannan ya sa ya zama abin so ga masu wasan farautar ɓoyayyen akwati, wanda Dave Ulmer ya fara a jihar Oregon ranar 3 ga Mayu 2000, kwana ɗaya bayan gwamnatin Amurka ta daina rage wa farar hula daidaiton GPS. Ana sa littafin sa hannu da 'yan tsarabobi a ciki, a ɓoye a daji, a wallafa lambobin wurin a intanet. Takarda kan yi shekaru a cikinsa a bushe.

Amma kamanninsa na soja ne, kuma a ƙasashe da dama an sha kiran masu kwance bam saboda irinsa, shi ya sa 'yan wasan suke shafe rubutun soja da fenti, su rubuta abin da yake ciki. A Kano, garin da ya ga hare-haren 20 ga Janairu 2012, ɓoye irin wannan akwati a gefen titi ganganci ne. Haɗarin ya fi yawa a harkar gwangwan, inda tarkacen yaƙi daga Arewa maso Gabas yake iya cakuɗuwa da tsohon ƙarfe. A 2023 gwamnatin Borno ta haramta tsintar ƙarafa. Duk wani akwati ko ƙarfen soja da ya zo a rufe, aikin sashen kwance bam na 'yan sanda ne, ba na guduma ba.