Ɓawon Gyaɗa Ba Shara Ba Ne: Gawayin Tace Ruwa

'Yan'uwa manoma, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama arzikin ƙasar nan. Dalar gyaɗa ta ɓace tun wajen 1975, amma har yau muna noma ta, muna kuma ƙone ɓawonta a banza. Ga shi kuwa a cikin birnin Kano rijiyoyi da dama suna kusa da kududdufai da magudanar Jakara, ruwansu yakan yi wari da launi. Ɓawon nan yana iya taimako.

Gawayi yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Idan aka sāke gasa shi da wuta mai tsanani, ramukan sukan ƙaru ƙwarai, har faɗin cikin giram 1 ya wuce murabba'in mita 500. A nan wari da launi suke maƙalewa. A masana'antu ana yin haka da tururi, a zafin da ya kai digiri 800. Namu na gida ba zai kai nasu ba, amma ya fi gawayin girki.

Ga yadda ake yi:

1. A cika tsabtataccen duro da busasshen ɓawon gyaɗa, ko totuwar masara, ko ƙodagon goruba. A huda murfin kaɗan, a hura wuta a ƙarƙashi har hayaƙi ya ƙare. Kada a buɗe sai ya huce.
2. A daka gawayin, a jiƙa shi kwana 1 cikin ruwan tokar kara, a shanya.
3. A zuba shi a gwangwani mai murfi da 'yar huda, a kai wa maƙeri ya zuga har ya yi ja, kamar awa 1.
4. A wanke sosai har santsin toka ya fita.
5. A huda gindin tulu, a jera tsakuwa, da gawayi, da yashi a sama, ruwa ya riƙa ɗiga cikin randa.

A kula! Kada a taɓa duron da ya ɗauki maganin ƙwari ko mai. Kada a sa taya, ko roba, ko katako mai fenti. A yi aikin a fili, domin hayaƙin gawayi yana kisa a ɗaki.

Gawayi ba ya kashe ƙwayoyin kwalara da na taifot, ba ya kuma cire zartsi. Bayan an tace, lallai a tafasa ruwan sha. A canja gawayin da zarar wari ya dawo.

Duro ɗaya ya ishi ƙungiya ɗaya. Ku tara ɓawon tun daga kaka, kafin rani ya janye rijiyoyi.