Kwamfuta Za Ta Iso, Ina Mai Gyara?

Tun da ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar a 2025 cewa jarrabawar WAEC da NECO za ta koma kan kwamfuta, hankali ya karkata ga sayen na'urori. Ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da Zamfara ta yamma ta fi rashi shi ne hannun da zai kula da su.

Duk wanda ya leƙa cibiyar JAMB ya san yadda abin yake. Ƙurar hunturu ta toshe fankar na'ura, ko batirin sola ya mutu, sai ka ga yara cike da ɗaki sun yi jugum, ana ta buga waya neman mai gyara daga Gusau.

Kuma ba wurin horarwa aka rasa ba. Talata Mafara na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tun 1992, Bakura na da kwalejin noma. Matsalar ta tsarin aiki ce. Malamin da ke koyar da walda, haɗa wayar wuta ko gyaran kwamfuta a aikace, ƙasa yake da mai lacca wajen daraja, kamar yadda mai HND ke bayan mai digiri. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, na gina ɗaki ya zuba kaya, amma albashin mai kula da su yana wuyan jiha. Saurayin da ya ƙware sai ya yi lissafi, ya ga buɗe shagon gyaran waya ko tafiya Kaduna ya fi masa. Ɗaliban da ya bari su haddace sunan inji, su gama ba su taɓa kwance shi ba.

Wasu za su ce rashin tsaro ne ke korar masu gyara. Suna da hujja: a 2021 an sace ɗalibai da ma'aikata a kwalejin Bakura, an kwashe yara 73 a makarantar Kaya ta Maradun, har aka katse layukan waya a jihar. To amma injinan ban ruwan madatsar Bakolori sun tsaya tun kafin 'yan bindiga su zo, kuma rashin kulawa ne ya kashe su.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2023. Ya kamata ta haɗa da gurbin ma'aikacin fasaha a kowace babbar sakandare, da albashi da ƙarin girman da za su riƙe shi, a kuma ɗauko shi daga kwalejojin Mafara da Bakura.