Wa Ke Ɓata Mini Fenti?

Cikin Disamba, hunturu ya kankama, na fito da safe na tarar da ɗigo-ɗigon fari a bonet ɗin motata. Baƙar Camry ce, kuma duk mai baƙar mota ya san ba ta rufa wa kowa asiri. Na sa yatsa na murza, ba su fita ba. Bayan mako guda sun ninka, ga kuma wasu siraran zane-zane kamar saƙar gizo-gizo, waɗanda ba a gani sai rana ta haska.

Wanda na fara zargi shi ne ɗan ƙanwata mai wanke motar. Na san halin yara da omo, kuma omo yana cinye man da ke kare fenti. Ya ce, "Wallahi Kawu, sabulun mota kaɗai nake sawa, kuma sai na tsane ta da tawul." Ban yarda ba. Amma da na zagaya motar sai jikina ya yi sanyi: tabon duk a gefen dama yake, daga bonet zuwa ƙofar gaba. Mai wanki kuwa ba ya wanke rabin mota.

Sai na koma kan dogonyaron da ke bakin katanga. Shi ma bai jima a hannuna ba. Abin da bishiya ke zubarwa yana da danƙo, wannan kuwa a bushe yake ƙamas. Kashin tsuntsu babban tabo yake bari mai tamoji, ba ƙananan zobba ba.

Na kai ta wajen wani dattijo mai fenti a Ƙofar Ruwa. Bai ce uffan ba. Ya aiki yaronsa ya sayo lemun tsami, ya matsa a auduga, ya ɗora kan tabo ɗaya, ya ɗan jira, ya ɗauraye da ruwa. Tabon ya tafi, sai ɗan inuwarsa.

"Alhaji, butar shayinku tana yin farin ɓawo a ciki?"

Na ce tana yi, Baba.

"To shi ne wannan. Ruwan burtsatse ne."

Ya yi mini bayani. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da sinadarai irin na farar ƙasa. Idan ɗigo ya bushe, ruwan ya tafi, su su zauna, shi ya sa tsami ke narkar da su. Idan rana ta gasa su a kan baƙar mota, sai su fara cin shafin nan mai sheƙi da ke saman fenti, wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba. Inuwar da ta rage shaidar cin ce.

To amma ruwan daga ina, tunda yaro yana tsane mota? Dattijon ya miƙo mini tabaransa. Sai na ga ɗigo-ɗigon ba zagayayyu ba ne sosai, kowanne yana da 'yar wutsiya, duk sun fuskanci waje ɗaya. Ya ce daga sama ruwan yake zuwa, iska na kaɗo shi. Ruwan sama a Kano cikin Disamba? Na yi dariya, shi bai yi ba.

Na wanke mota tas, na shiga lura. Kwana biyu babu sabon tabo, kuma a kwanakin nan biyu ba mu ga wuta ba. Dare na uku aka kawo ta wajen ƙarfe 2, na ji injin ruwa ya tashi. Na ɗauki tocila na fita. Tankin da ke kan hasumiya ya cika yana ambaliya, don abin da ke kashe injin in ruwa ya kai baki ya lalace. Iskar hunturu kuma tana kwasar feshin tana watsa wa gefen motar da ke kallon tankin. Kafin in fito da safe, busasshiyar iska ta lashe ruwan.

Saura saƙar gizo-gizo. Da na koma, dattijon ya tambaye ni wa ke kaɗe ƙura da safe. Na ce ni, da busasshen tsumma. Ya girgiza kai. Ƙurar hunturu, wadda da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, tana haɗe da ɓarɓashin yashi da ya fi fenti tauri. Ashe kullum da hannuna nake goga wa motar sanfefa. A fara kwarara ruwa tukuna, in ji shi, bokitin sabulu daban, na ɗauraye tsumma daban, kuma tsumman taya kada ya taɓa jikin mota.

An gyara tanki, an yi wa bonet foli da inji, an shafa man kariya. Ɗan ƙanwata kuma na kira shi na ba shi haƙuri a gaban uwarsa. Tabo uku da suka ci ciki suna nan a ƙofar dama, dattijon ya ce in aka matsa musu sai an cinye sheƙin fentin gaba ɗaya, don haka na bar su.